Tambayi Makanike: Land Rover ɗin Baba za ta iya komawa ta lantarki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Land Rover doguwa, Series III ƙirar 1978, mai shan fetur. Da ita ya yi noma shekara da shekaru, a cikinta na koyi tuƙi. Bara injinta ya buga, tun sannan take ajiye gindin darbejiya a ƙofar gida. 'Yan gwangwan sun zo tayi har sau uku, zuciyata ta ƙi. Gonarmu ta shinkafa tana fadama, kilomita 22 daga gari, rabin hanyar rairayi ne, da damina kuma laka. Na ga Turawa suna cire injin irin waɗannan motoci su sa na lantarki. Zai yiwu a nan? Zan iya zuwa Kano da ita? In kuma na shimfiɗa farantan sola a rufinta, ba shi ke nan na huta da caji ba?

Mai karatu daga Haɗeja, Jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka yi daidai da ka hana 'yan gwangwan. A kan irin wannan mota na fara riƙe sifana ina yaro, lokacin da kowane ma'aikacin gona da malamin asibitin dabbobi a Landiroba yake shiga ƙauye, don haka wasiƙarka ta taɓa ni.

Zai yiwu, kuma ba sabon abu ba ne. Kamfanin Land Rover da kansa ya nuna Defender, wato samfurin da ya gaji irin motarka, mai lantarki a bajekolin motoci na birnin Janiba da ke ƙasar Suwizalan a 2013, da batir mai nauyin kilo 410 da ke kai ta kimanin kilomita 80. A Nairobi, kamfanin Opibus, wanda yanzu ake kira Roam, ya mayar da Land Cruiser na yawon kallon namun daji zuwa lantarki, saboda su kusanci dabba ba tare da ƙarar inji ta kore ta ba. A Ingila, kamfanin Electrogenic ya fito da kayan juya Defender don manoma a 2022, batir mai yunit 52, tafiyar kimanin kilomita 160, a kan fam dubu 24 kafin haraji. A nan gida ma, Mustapha Gajibo na Maiduguri ya daɗe yana cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Ka lura da abin da ya haɗa su duka: motoci ne masu zagaya wuri ɗaya su dawo su kwana a gida. Wannan shi ne jigon amsata, kuma shi ya sa na fi kula da kilomita 22 ɗin da ka rubuta fiye da komai a wasiƙarka.

Bari mu yi lissafi da yunit, wato irin wanda kake saye a mitar wuta. Land Rover ba ta san yanka iska ba, gabanta kamar bangon ɗaki yake, ga nauyi, ga ƙarafan giya da yawa da ƙarfi ke bi kafin ya isa taya. A kan kwalta ka ƙiyasta mata yunit 30 a kowane kilomita 100. A rairayi, da buhunan shinkafa a baya, ka ɗauka 35 ko fiye. Zuwa gona da dawowa kilomita 44 ne, wato wajen yunit 15 a rana. Da injin fetur ɗin nan na lita 2.25, tafiyar nan tana cin lita 7 zuwa 8, kai ma ka san abin da wannan ke nufi a aljihu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Batirin da zan ba ka shawara shi ne irin wanda ake kira LFP, wanda masu haɗa sola suka riga suka saba da shi. Ƙwaya-ƙwaya ake jera shi, ƙwaya ɗaya mai amfiya-awa 280 tana da bolt 3.2, tana riƙe yunit ɗaya saura kaɗan, nauyinta ya ɗan haura kilo 5. In ka jera 45 za ka samu bolt 144 da kimanin yunit 40, nauyin ƙwayoyin kaɗai ya kusa kilo 245, in an haɗa da akwatin ƙarfe da wayoyi ya kai 300. Ba a zuƙe batir har ƙasa, don haka abin da za ka dogara da shi bai wuce kilomita 110 ba. Gona sau biyu ke nan da ɗan ragowa. Kano kuwa a'a. Ba za ta kai ka da caji ɗaya ba, kuma babu inda za ka tsaya a hanya ka cika ta cikin rabin awa. Ranar zuwa Kano ka hau motar haya.

Za a kawo maka tayin batirin motar lantarki ta Nissan Leaf na hannu, domin yana da araha. Ka yi hattara da shi. Batirin Leaf na farko, mai yunit 24, ba shi da ruwan sanyaya, kuma tun 2012 masu motar a Arizona ta Amurka suka fara kukan zafi na cinye ƙarfinsa da wuri. Zafin Afrilu a Haɗeja bai fi na can sauƙi ba, ga shi batirin ya riga ya tsufa kafin ya iso hannunka. Na motar lantarki ta Tesla yana da ƙarfi ga rashin nauyi, amma sai an zagaya masa ruwan sanyaya, kuma in aka yi kuskuren caji yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. LFP ya fi su nauyi, amma ya fi su haƙuri da zafi, ya fi su jure yawan caji. A motar gona nauyin ba abin damuwa ba ne sosai, tunda za ka sauke inji mai wajen kilo 200, da lagireto, da salansa, da tankin mai.

Maganar sola a rufi, na san daga ina tunanin ya fito, kusan kowa da shi yake farawa. Rufin motarka zai ɗauki faranti ɗaya babba, ka ce wat 400 ko 500. Yini guda cur a rana zai ba ka kimanin yunit 2, wato tafiyar kilomita 6 ko 7. Ka ga bai kai ka gona ba ma. Amma ga inda Allah ya taimake ka: motarka da safe take isa gona, ta yini a tsaye lokacin da rana ta fi ƙarfi. In ka kafa farantai na kilowat 5 a gonar, da inbata mai kyau, za ka samu yunit 20 ko fiye a ranar da gari ya yi garau. Caja mai kilowat 3 za ta mayar maka da yunit 15 ɗin nan cikin awa 5. Ka yi musu rumfa, motar ta fake a ƙarƙashi, batir ya sha inuwa yana caji. Da damina da lokacin hazo abin zai ragu, sai ka cike da wutar gida. Janareta kuwa na ranar larura ne kawai, in ka mai da shi abin kullum ka koma sayen man da ka gudu.

Yanzu ga motar kanta, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Bodin Land Rover na alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa yake yaudarar mutane. Shasin da ke ƙasa ƙarfe ne, motar da ta shekara 40 tana shiga lakar fadama kuwa ta ciki take ruɓewa. Kafin ka kashe ko sisi, ka shiga ƙarƙashinta da ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, musamman gindin sifirin, da ƙarfen da ya gitta ta baya, da ƙasan bangon da ke gaban direba. Inda ya yi ƙara tangaran lafiya lau. Inda ya yi ɓus, ko guduma ta lotsa shi, sai mai walda ya yanke ya sa sabo. Kada a ɗora batir mai kilo 300 a kan ruɓaɓɓen shasi.

Akwatin giya ka bar shi yadda yake, har da ƙaramin da ke raba ƙarfi zuwa taya huɗu, mai sanda ja da rawaya. Injin lantarkin ana ɗaure shi ne daidai inda na fetur ya tashi, ta hanyar faifan ƙarfe da mai injin sassaƙa ƙarfe zai yanka. Wannan faifan in ya kauce ko da kaurin takarda ne, zai riƙa cin boris yana girgiza giya, saboda haka ba aikin awon ido ba ne. Wani injin lantarki da masu wannan aiki suke amfani da shi, HyPer 9, yana ba da ƙarfin doki kusan 120, na asali kuwa 70 ne. Ga shi na lantarki ba ya jira, kana taka totur yake sakin ƙarfinsa gaba ɗaya. A rairayi wannan daɗi ne, motar za ta riƙa rarrafe a hankali ba ta mutuwa ba ta ƙona kuloci. Amma tsohuwar giya ba a yi ta don haka ba. Ka sa a rage ƙarfin a na'urar sarrafa wuta, ya tashi sannu a hankali. Ka yi sa'a doguwar Series III tana zuwa da aksul ɗin baya na Salisbury, wanda ya fi na gajerar ƙwari nesa ba kusa ba.

Birki sai an sabunta shi kaf. In taka tana da tulun nan mai sauƙaƙa taka birki, daga injin fetur yake samun zuƙar iska, don haka sai an sa masa ɗan famfo na lantarki. Fitilu da hon za su ci gaba da aiki da ƙaramin batir na bolt 12, wata 'yar na'ura ce za ta riƙa caja shi a madadin dinamo. Akwatin babban batir a ɗaga shi sama gwargwadon hali, a rufe shi ruf yadda ruwa da ƙura ba za su shiga ba. Rabi a gidan inji, rabi a tsakanin shasi ko bayan kujera, don kada nauyi ya taru wuri ɗaya.

Akwai abin da ba zan yi maka sassauci a kansa ba. Na taɓa tsayawa a wani wurin haɗa sola, sifana ta suɓuce wa wani yaro ta faɗa kan batir mai bolt 48 kacal. Kan ƙiftawar ido bakinta ya narke, tartsatsi ya ƙona masa hannu, har yau tabon na nan. Naka bolt 144 ne, kuma batir ba shi da makunnin da za a kashe shi daga ciki, kullum a raye yake. Mai rewayan unguwa, komai gwanintarsa a kan wayar mota, wannan ba fagensa ba ne. Ka nemi wanda ya taɓa haɗa babban batir da hannunsa, ka je ka ga aikinsa yana tafiya. Dole a sa na'urar da ke lura da kowace ƙwaya ta yanke caji in ta cika ko ta yi zafi, da fis na wutar batir, da makunnin gaggawa kusa da hannun direba, da wayoyi masu ruwan lemo don kowa ya san ba a taɓa su. In mai aikin ya ce ɗaya daga cikinsu ba dole ba ne, ɗauki motarka ka tafi.

Batun kuɗi, gaskiya ita ce gyara injin fetur ɗin nan ya fi araha sosai a yau. Inji ne mai sauƙi, kayansa ba su ɓace ba. In sau ɗaya a mako kake zuwa gona, gyara shi ka huta. In kuwa kusan kullum kake kan hanyar nan, rani da damina, to lita 7 zuwa 8 a rana ba ƙaramin abu ba ne a shekara, kuma farantan da za ka kafa za su yi maka ban ruwa ranar da motar ba ta buƙata. A irin wannan hali ina goyon bayanka, da sharaɗin ba za ka ci bashi ko ka sayar da wani yanki na gonar don aikin ba. Ka bi shi daki-daki: shasi da birki bana, sola bayan girbi, batir a ƙarshe, domin shi ne mafi tsada kuma ba ya son zaman jira. In an gama, ka je ofishin lasisi a gyara takardun motar, tunda lambar injin da ke ciki ta tashi aiki.

Tsohon injin kuma kada ka sayar. Ka tsiyaye masa mai ta ramukan fulogi, ka lulluɓe shi a ɗaki. In ka duba shasin, ka rubuto ka gaya mini abin da guduma ta ce, sai mu san mataki na gaba.