Amsa ga mai tambaya kan barin tramol ba tare da gidan mari ba

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya barin tramol yana zaune a gidansu, ba tare da an kai shi gidan mari ko cibiyar gyaran hali ba. Yana yiwuwa, domin ƙanena ya yi hakan a ƙauyenmu da ke ƙasar Kazaure, sai dai ba da ƙarfin zuciya kaɗai ya yi ba. Lokacin huɗa ya fara shan ƙwayar domin kada ya ji gajiya, kuma ranar da ya yanke ta gaba ɗaya, gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi suka kwantar da shi, ya yi dare biyu bai runtsa ba. Daga nan likita ya tsara masa yadda zai riƙa rage adadin a hankali cikin makonni. Shi kuma ya daina zama majalisar bakin tasha, ranar kasuwa yana miƙa wa Inna kuɗinsa ta ɗaure a bakin zane. Idan kana haɗa ta da diazepam, wato ƙwayar sa barci, ko giya, kada ka yanke lokaci ɗaya, domin hakan yana iya jawo farfaɗiya. Ka fara ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano ko na Kazaure.