Harsashi Huɗu Ta Bayan Ƙofa: Tsautsayi Ne Ko Ganganci?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni da maigidana mun daɗe muna gardama a kan ɗan tseren nan na Afirka ta Kudu mai ƙafafun roba, Oscar Pistorius, wanda ya harbe matarsa ya ce ya zaci ɓarawo ne. Maigidan ya ce tsautsayi ne, wai da ganganci ne da ba a sake shi ba. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya da wannan labari. Don Allah a raba mana gardama. Kuma da a nan wurinmu abin ya faru, me shari'a za ta ce? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙananan gyare-gyare biyu tukuna. Marigayiya Reeva Steenkamp ba matarsa ba ce, budurwarsa ce, kuma watanni uku kacal suka yi tare. Sakinsa da aka yi ranar 5 ga Janairu 2024 kuma ba wanke shi aka yi ba. Afuwa ce bisa sharaɗi, irin wadda dokar ƙasarsu ke ba fursunan da ya cinye rabin wa'adinsa, kuma wa'adin bai ƙare ba sai Disamba 2029. A takardun kotu, har yau sunansa wanda ya yi kisan kai da gangan. To a wannan gaɓa maigida ya yi haƙuri, hujjarsa ba ta tsaya ba.

Amma ke ma kada ki yi saurin yin guɗa, domin abin da kotu ta kama shi da shi ba shi ne abin da zuciyarki ke raya miki ba.

Ga yadda abin ya faru. Da misalin ƙarfe uku na daren 14 ga Fabrairu 2013, a gidansa da ke wata unguwa mai katanga da masu gadi a Pretoria, Pistorius ya harba harsashi huɗu ta jikin ƙofar masai da ke kulle. Uku suka samu Reeva: ɗaya a ƙugu, ɗaya a hannu, ɗaya a ka. Shekarunta 29, tana da digirin lauya, tana sana'ar tallan kayan ƙawa. Shi yana da 26, watanni shida da dawowarsa daga gasar Olamfik ta Landan inda duniya ta tafa masa. Labarinsa shi ne ya tashi cikin duhu don ya shigo da fankoki daga baranda, sai ya ji motsin taga a ban-ɗaki, ya ɗauko bindiga, ya nufi wurin a kan dungun ƙafafunsa ba tare da ya saka na roba ba, yana ihu wa ɓarawo ya fita, yana kuma kiran Reeva ta kira 'yan sanda. Ya ji wani motsi a cikin masai, ya yi harbi. Sai da ya koma ɗaki, in ji shi, ya ga gado wayam. Daga nan ya fasa ƙofar da sandar wasan kurket.

Inda gardamarku ta sarƙe, a ganina, ita ce kalmar "kuskure" da kuke jefa wa juna, kowa da abin da yake nufi. In mutum ya ce bindiga ce ta tashi da kanta, wannan magana ɗaya ce. In ya ce ni na danna kunama amma ba wannan mutumin na nufa ba, wannan wata magana ce daban, kuma nisan da ke tsakaninsu ya kai na ƙasa da sama. Pistorius ya yi ta kai-komo tsakanin biyun. Da farko ya ce kare kansa ya yi. Da mai gabatar da ƙara, Gerrie Nel, ya tsare shi da tambayoyi kwana da kwanaki, sai ya koma cewa bai ma yi niyyar harbi ba, firgita ce ta sa harsasan suka fita kafin ya yi tunani. Su biyun ba sa zama a tukunya ɗaya. Mai kare kansa ya san ya yi harbi. Kuma irin wannan ƙaramar bindiga, kowane harsashi sai an ja masa kunama. Yatsa na iya zamewa sau ɗaya. Sau huɗu kuwa, duk cikin ƙofa guda, sai dai a nemi wani suna.

Akwai wata amsa da ya bayar wadda ta fi kowace cutar da shi. An tambaye shi me ya hana shi yin harbin gargaɗi a wurin wanka. Ya ce harsashin zai iya dukan bango ya dawo kansa. Mutumin da ya samu zarafin wannan lissafi, da wuya a yarda cewa kansa ba ya aiki a lokacin.

Sai babbar tambaya, wadda na san ita ke ci miki rai: ya san ita ce a ciki? Masu gabatar da ƙara sun ce ya sani, faɗa suka yi ta gudu ta kulle kanta. Sun kawo maƙwabta da suka ce sun ji kururuwar mace kafin ƙarar bindiga. Sun kawo likitan da ya binciki gawa, wanda ya ce abincin da ke cikinta ya nuna ta ci wani abu kamar awa biyu kafin rasuwarta, alhali shi ya ce tun wajen ƙarfe goma suka kwanta. Sun karanta saƙon WhatsApp da ta aika masa makonni kaɗan kafin ranar, tana cewa wani lokaci tsoronsa take ji. Sun nuna cewa ta shiga masai da wayarta, ta murza makulli. Masanin harsashi na 'yan sanda, Chris Mangena, ya ce tana tsaye tana fuskantar ƙofa harsashi na farko ya same ta a ƙugu, ta faɗi a kan wani ɗan akwatin ajiye mujallu, kuma akwai ɗan tsaiko kafin sauran su biyo.

Wannan tsaikon ne ke tsaya mini a wuya. Wanda harsashi ya farfasa wa ƙugu ba ya yin shiru. In ta yi ƙara, kuma yana tsaye taku kaɗan daga ƙofar, to muryar wa ya ji?

Sai dai lauyansa, Barry Roux, bai zo da wasa ba. Ya ce harsasan a jere suka fita, ba tsaiko. Ya ce maƙwabta sun rikita ƙarar sandar kurket da ta bindiga, kuma kururuwar da suka ji ta Pistorius ce bayan ya gane abin da ya yi. Kulle ƙofa da yin shiru, in ji shi, su ne daidai abin da mace za ta yi in ta ji ana ihun ɓarawo ya shigo. Kuma a ba shi gaskiyarsa a wuri ɗaya: tun farko masu ƙara sun ce sai da ya zauna ya saka ƙafafunsa na roba kafin ya je ya yi harbi, alamar ya shirya, daga baya suka janye, suka yarda a kan dungu yake. Ga shi ɗan sandan da ya fara jagorantar binciken ya amsa a kotu cewa ya taka wurin da takalmansa ba tare da ya rufe su ba. Irin wannan ɓaraka, lauya ba ya barinta ta wuce.

Mai shari'a Thokozile Masipa ta auna duk wannan a watan Satumba 2014. Ta ce shi ba shaida ne nagari ba, yana kauce wa tambaya, amma ƙarya a baki ba ita ce hujjar kisa ba. Ta ce saƙonnin masoya yau zuma gobe maɗaci, ba a gina hukunci a kansu, kuma lissafin narkewar abinci ba ya ba da lokaci na haƙiƙa. Ta kama shi da kisa ta hanyar sakaci, ta ɗaure shi shekara 5. Bayan shekara guda aka mai da shi ɗaurin talala a gidan baffansa.

Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kuma ranar 3 ga Disamba 2015 alƙalai biyar suka haɗu a kan magana ɗaya. Ba su ce ya san Reeva ce ba. Cewa suka yi ba ruwan doka da sunan wanda ke bayan ƙofa. Ya san akwai ɗan Adam a cikin ɗan ƙurƙutun ɗaki da ba wurin ɓuya, ya san harsasansa irin masu buɗewa ne su yayyaga nama in sun shiga jiki, ya san makami sosai, kuma wanda ke ciki bai yi masa barazanar komai ba. Wanda ya hango cewa aikinsa na iya kashe rai, ya rufe ido ya aikata, ya yi ganganci. Lauyoyin can suna kiran wannan dolus eventualis da Latin. Aka mai da hukuncin shekara 6 a Yuli 2016, sannan a Nuwamba 2017 aka ɗaga shi zuwa shekara 13 da wata 5, wato shekara 15 da doka ta gindaya a cire abin da ya riga ya yi.

In ra'ayina kike so, harbin ba tsautsayi ba ne, wannan ba na ko tantama. Batun ko ya san ita ce, ni ma labarinsa bai shige ni ba: mutum ya je gefen gado ya ɗauko bindiga, bai lalubi wadda yake cewa yana karewa ba, bai jira ya ji ta amsa ba. Mahaifiyar Reeva ma ta faɗa a fili cewa ba ta yarda da shi ba. Amma da ni ne a kujerar alƙali, da hujjojin da aka kawo, hannuna zai yi nauyi wajen rubuta cewa an tabbatar ba tare da kokwanto ba. Mutum biyu ne a gidan, ɗaya ta riga mu gidan gaskiya.

Da a Arewa ne kuwa, zai fi shan wuya. Kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, da ya fara aiki a 1960, wanda jihohi irin Kaduna suka sabunta nasu daga gare shi har lambobin sassa suka canja, ya amince da tsautsayi a sashe na 48, amma da sharaɗin aikin halas ne, an yi shi ta hanyar halas, cikin kula da taka-tsantsan. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya san, ko ya kamata ya san, cewa mutuwa ce mafi rinjayen sakamakon aikinsa, sashe na 223 kuma ya ce nufin wani a samu wani ba ya rage laifi. Lauyansa zai fake da haƙƙin kare gida daga mai fasowa da dare, ya ce da zuciya ɗaya ya yi zaton. Sai dai doka ba ta karɓar zuciya ɗaya in ba a yi bincike da lura ba, don haka za a dawo kan tambayar nan dai: ka duba gado?

A fiƙihun Malikiyya, mashhurin zance shi ne kisa iri biyu ne, ganganci da kuskure. Wanda ya nufi wani da duka cikin fushi ko gaba, sai ya tarar ashe wani ne daban, malaman mazhaba sun sa shi a babin ganganci, inda ƙisasi ke hannun magadan jini sai in sun yafe. Kuskure na gaskiya, kamar maharbin da ya saita barewa ya samu mutum, hukuncinsa na aya ta 92 a Suratun Nisa'i: diyya ga iyalan mamaci, wadda dangin mai kisan na wajen uba ke haɗawa cikin shekara uku, da kaffarar 'yanta bawa ko azumin wata biyu a jere. Tsakanin miji da mata kuma sai maganar gado ta shigo, kuma a nan ne dangi suka fi tayar da jijiyar wuya. Miji na da rabin dukiyar matarsa in ba ta bar ɗa ba, rubu'i in ta bari. In da gangan ya kashe ta ba shi da ko anini. In kuskure ne, Malikiyya sun ce yana gadon dukiyarta amma ba ya cin komai daga diyyar.

Abin da ya fi ba mu wahala a nan shi ne hujja ba ta kwana. A Pretoria an ciro ƙofar nan ɗungurungum, aka kafa ta a cikin kotu, aka auna tsayin kowane rami. Mu kuwa in aka ce "yana goge bindigar farauta ce ta tashi", kafin la'asar an yi wanka an yi sutura, an wanke ɗaki, an ƙone rigar da ta ɓaci don kada uwa ta gani. Alhali rigar ce ke magana. Harbin da aka yi daga ƙasa da mita ɗaya yana barin baƙin hayaƙi da ɗigo-ɗigon albarushi a kan tufa da fata, na nesa ba ya bari, kuma hanyar da harsashi ya bi a jiki tana nuna ko a tsaye mai bindigar yake ko a zaune. In mutum ya ce yana bakin ƙofa ita tana can ƙuryar ɗaki, sai aka ga ƙunar albarushi a wuyan riga, magana ta ƙare. Don haka in Allah ya jarrabi wani gida da irin wannan, a bar likita ya duba kafin a yi wanka, a naɗe rigar a takarda ba a leda ba, kuma kada kowa ya taɓa bindigar, balle ya goge ta, sai 'yan sanda sun iso.