Tambaya da Amsa: Dokta a lissafi, in shiga ko in haƙura?

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗanka ne daga Aboabo nan Kumasi, na gama digiri na farko a lissafi a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, bara, yanzu ina bautar ƙasa a sashen namu ina taya malamai duba takardun 'yan aji ɗaya. Wallahi tun ina aji uku zuciyata ta kwanta da ɓangaren da ake haɗa lissafi da kwamfuta, inaso in kai har dokta amma a gida an kasa fahimtata. Baba yace shi doktan da ya sani shine mai duba mara lafiya a asibiti, wannan nawa wa zai warkar, ga abokaina duk sun kama aiki a banki wasu har an kai musu kuɗin gaisuwa. Ita kuma Umma da taga na nace sai tace in dai kuɗi ne zata sayar da shagonta na kasuwa in tafi waje, maganar nan ita ta hanani barci. Dan Allah me ake yi ne takamaimai a karatun nan, gida ya fi ko waje, kuma in karɓi kuɗin Umma?
Ɗanka daga Aboabo

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce mai zafi. Kar ka yarda Umma ta sayar da shagon nan, ko da wasa. Ka je ka durƙusa ka yi mata godiya, ka ce addu'arta kake nema. Dokta a lissafi a ƙasashen waje yawanci ba karatun da ɗalibi ke biya bane, shi ake biya. A Amurka in sashen lissafi ya ɗauke ka da gaske zai yafe maka kuɗin makaranta ya riƙa baka albashin wata, kai kuma ka riƙa koyar da 'yan digirin farko kamar dai yadda kake yi yanzu a Tek, shekara 5 zuwa 6 ake yi, kuma da digirin farko ma suna ɗauka in takardunka sun yi ƙarfi. A Jamus yawanci ma'aikaci kake da kwantiragi, shekara 3 zuwa 4, amma sai kana da mastas. Ingila ita ma wajen shekara 3 zuwa 4 ce, sai dai kuɗin ɗan waje yana da nauyi sosai, ba a tunkararta sai da sikolashif kamar na Commonwealth. To duk makarantar da ta aiko maka da takarda tace ta ɗauke ka amma ka zo da kuɗinka, ka ajiye ta gefe, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin da gida zasu taya ka da shi ƙanana ne, kuɗin fom, jarrabawar Turanci in sun nema, fasfo, biza, wani lokaci tikitin jirgi. Wannan adashi ma zai iya ɗauka.

Yanzu maganar Baba, kuma tambayarsa ba ta raini bace, tambaya ce mai kyau, ka amsa masa da ladabi. Ka ce masa a 1911 wani likita Bature mai suna Ronald Ross, wanda ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya zauna da alƙalami ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba, akwai wani adadi da in aka sauko da su ƙasa da shi cutar da kanta zata mutu a garin. Har yau a kan wannan tunanin ake tsara rabon gidan sauro da feshi. Ka kuma tuna masa cewa Al-Khawarizmi na Bagadaza, wanda daga littafinsa aka samo kalmar aljabara, babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Duk malamin zango da ya taɓa zama raba gado tsakanin mata da 'ya'ya da iyaye ya san lissafin da ake amfani da shi a rayuwa, naka ɗin jikansa ne.

Amma misalin da nafi so in baka yana bayan gidanku. Kai ɗan Aboabo ne, ka san abin da rafin nan yake yi in damina ta kankama, ka san dare da mutane ke kwana a tsaye suna kwashe ruwa da bokiti. Tun 1871 wani Bafaranshe Saint-Venant ya rubuta ƙa'idojin lissafin yadda ruwa ke gudu a kwata ko kogi, amma babu mahaluƙin da zai warware su da biro da takarda a kan kwata ta gaske mai lanƙwasa, ga shara ta toshe nan, ga gada ta matse can. To me ake yi? Sai a yanka kwatar gunduwa-gunduwa, dubbai ko miliyoyi, lokaci ma a yanka shi daƙiƙa-daƙiƙa, kwamfuta ta riƙa ƙirga ruwa nawa ya shiga wannan yankin nawa ya fita zuwa na gaba. Kowa zai iya sa kwamfuta ta fitar da lambobi da hoto mai launi. Aikinka kai shine ka tabbatar lambobin nan gaskiya suke faɗa, ka kafa hujja cewa in aka ƙara ƙanƙanta yankunan amsar tana matsowa kusa da ta ainihi, kuskuren da ya rage bai wuce kaza ba, kuma ba zai riƙa hayayyafa ba har ya cinye amsar. A 1928 Courant da Friedrichs da Lewy suka nuna cewa a irin wannan ƙirga in ka bar ruwan ya tsallake fiye da yanki ɗaya a taki ɗaya na lokaci, lissafin gaba ɗaya watsewa yake, kwamfuta ta baka ruwa mai tsayin bene goma a inda ƙafa ma ba zata nutse ba. Kuma irin wannan aiki ne a bayan hasashen yanayi, da ƙiyasin man da ke ƙarƙashin teku a rijiyoyin Jubilee, da shawarar yaushe za a buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Akosombo, ka ga abin da ya sami mutanen Mepe a 2023 da aka saki ruwa. A Akra kuma ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Circle sun ci rayuka sama da 150. Ni duk sanda na tuna daren nan sai inji yaranmu masu kai irin naka bai kamata su ƙare a ƙirga kuɗin wasu kawai ba.

Sai dai in gaya maka abin da ba a gaya mana ba. Dokta ba ci gaban aji bane. Duk karatun da kayi zuwa yau tambayoyi ne da wani ya riga ya san amsarsu, shi kuwa wannan tambaya ɗaya zaka riƙe shekara da shekaru, malaminka ma bai san amsarta ba, zaka yi wata huɗu a kan hanya ɗaya sai ka gano ba ta ɓullewa. Abin da yafi kama da shi a wurinmu shine karatun zaure. Ai almajirin ilimi ba ya cewa zani gari kaza don ginin masallacinsu, cewa yake zani wurin Malam wane in ɗauki littafi kaza. Haka zaka yi, ka nemi malami kafin ka nemi makaranta. Ka shiga Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ka ga me ya rubuta a shekara 3 da suka wuce, ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, shekara nawa suka yi, ina suke yanzu, in ka samu hali ka tambayi ɗaya daga cikinsu a keɓe yaya halinsa. Ni a nawa karatun na taɓa miƙa babi guda ya kwanta a teburin mai duba aikina kusan wata bakwai, ba mugun mutum bane, ayyuka ne suka yi masa yawa, amma watannin nan daga rayuwata aka cire su, kuma da na tambayi na gabana tun farko da na sani. In zaka rubuta wa farfesa imel kar ka cika shi da kirari da dogon tarihin wahalarka, layi goma sun isa, ka nuna ka karanta takardarsa ɗaya, ka faɗi inda ka gane da inda ya shige maka duhu, ka haɗa da ɗan aikin da kayi da hannunka.

Gida ko waje kuwa, ni ban ga dalilin tsalle ɗaya daga Aboabo zuwa Amurka ba in akwai matakala. Akwai AIMS Ghana, reshen cibiyar koyar da lissafi ta Afirka, da aka buɗe a 2012 a Biriwa, yanzu tana Akra, mastas ce ta ƙasa da shekara ɗaya, ci da kwana da karatu duk kyauta, malamai daga ƙasashe daban-daban suke zuwa su koyar na 'yan makonni, kuma wasiƙar shaida daga irinsu ita ke buɗe ƙofa. Marigayi Farfesa Francis Allotey ɗan Saltpond, wanda ya yi doktansa a Princeton a 1966 ya dawo ya koyar a Tek ɗinku, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ta, ya rasu a 2017. A cikin Tek ɗin ma akwai cibiyar NIMS da ke koyar da ainihin wannan fannin na lissafin kwamfuta da masana'antu, ka taka ka je ka tambaye su, ba ko kuɗin trotro. Akwai kuma cibiyar binciken fiziks da lissafi ta ICTP a Trieste ta Italiya da Abdus Salam ya kafa a 1964, suna da difloma ta shekara ɗaya da suke ɗaukar nauyinta don 'yan ƙasashe irin namu. Doktan gida tana da daɗinta, kana kusa da iyaye kuma matsalar da kake bincike a kai tana gabanka, wahalarta ita ce yawanci kai zaka nemi abin da zaka ci, sai koyarwa ta cinye lokacin binciken, shekara 4 ta koma 6.

Kafin nan, wannan shekarar ta bautar ƙasa kar ta wuce a banza. Ka koma ka maimaita darussan analisis da aljabarar matiris har su zauna maka, don a nan ake faɗuwa a jarrabawar shekarar farko, ba a kwamfuta ba. Ka koyi Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, sosai, ka rubuta ƙaramin shiri da ke warware lissafin yaɗuwar zafi a sandar ƙarfe, ka canja takin lokacin da gangan ka ga yadda yake watsewa, ka rubuta bayaninsa da LaTeX, manhajar da masu lissafi ke rubutu da ita. Maganar abokanka kuma ba zan ɓoye maka ba, zasu riga ka mota, zasu riga ka aure wataƙila, kuma zaka ji a ranka ranar Sallah. Bayan ka gama akwai koyarwa a jami'a, yanzu sai da dokta ake zama cikakken lakcara a manyan jami'o'inmu, akwai bankuna da inshora da kamfanonin waya, Google ma ta buɗe cibiyar bincikenta a Akra a 2019. Ka yi istihara, ka zauna da Baba bayan isha'i ka bashi misalin rafin nan.

*

Salam Kawu, ni matar aure ce a Asawase da yaro ɗaya, shekarata 33, ina koyar da lissafi a sakandare kuma na gama mastas ta bincike. Maigida ya goyi bayana amma barin gida shekara 5 ba zai yiwu ba, sannan gaskiya kwamfuta ban iya ta sosai ba. Lokaci ya wuce min ne?
'Yarka daga Asawase

Bai wuce ba 'yata, Allah ya saka wa maigidan da alheri. Akwai tsarin da zaki yi rajista a nan Tek ko Jami'ar Ghana ta Legon, ki sami malami na biyu a waje, ki riƙa zuwa wurinsa na 'yan watanni kina dawowa, ICTP tana da irinsa mai suna STEP, hukumar DAAD ta Jamus ma tana tallafa wa dokta mai malamai biyu. Abin da zaki fara tsayarwa shine wa zai riƙe yaron a watannin, a yi maganar da dangi tun yanzu a fili, da kuma hutun karatu daga wurin aiki don dokta da cikakken jadawalin sakandare ba sa haɗuwa, na ga waɗanda suka gwada suka galabaita. Ki duba labarin Dokta Angela Tabiri, a Ashaiman ta tashi, ta bi ta Legon da AIMS da ICTP ta gama dokta a Glasgow a 2019, yanzu tana AIMS Ghana tana jan yara mata zuwa lissafi, kuma tallafin Faculty for the Future da ta samu na mata ne zalla, ki nema. Kwamfutar kuwa ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolin, wadda ta iya kafa hujja a lissafi Python ba zai gagare ta ba, awa ɗaya kullum bayan asuba kafin yaro ya tashi, ki fara da maimaita lissafin da ke cikin kundin mastas ɗinki. Ki sake rubuto min bayan wata uku ki gaya min inda kika kai da sunan fannin da kika yi bincike a kai, sai mu duba malaman da suka dace.