Shawarar Lauya: Buga hoton Bing Dwen Dwen a huluna bayan an tashi daga gasa

Wani mai karatu ya rubuto cewa yana buga hoton Bing Dwen Dwen, dabbar fanda da ta zama alamar gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022, a jikin huluna yana sayarwa ta intanet, sai ga takardar gargaɗi daga wasu lauyoyi suna neman diyya. Hujjarsa ita ce an gama gasar tuni, kuma da hannunsa ya sake zana hoton.

Malam, ban ga takardar ba, kuma dokar ƙasar da kake ciniki ce za ta yi aiki, amma bisa abin da ka faɗa, hujjojin nan biyu da wuya su tsaya maka. Ƙarewar gasa ba ta sa alamarta ta zama ta kowa. A tsarin dokokin Olamfik, kwamitin shirya gasa yana cin moriyar tambari da dabbar alama ne zuwa ƙarshen shekarar da aka yi gasar, daga nan haƙƙin gaba ɗaya ya koma hannun Kwamitin Olamfik na Duniya da ke Lozan a Suwizalan. Mai abu ya sauya ne kawai, abin bai rasa mai shi ba. Haƙƙin mallakar zane kuwa yakan ɗauki shekaru masu yawa a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Ban ta kare haƙƙin marubuta da masu zane, ga kuma rajistar alamar kasuwanci wadda ake iya sabuntawa.

Sake zanen ma ba mafita ba ne. Abin da alƙali yakan duba shi ne ko mai saye zai gane dabbar, kuma ai don a gane ta ka zana. Idan har ka haɗa da zobba biyar na tambarin Olamfik, lamarin ya ƙara nauyi, domin yarjejeniyar Nairobi ta 1981 ta kare su, ko da yake zobban kaɗai ta shafa, kuma a ƙasashen da suka shiga cikinta ne. A Sin an yanke hukuncin ɗaurin shekara guda da biyan tara a 2022 kan sayar da jabun wannan dabba. Ba ina cewa naka zai kai nan ba.

Sai dai kada ka ɗauki kowace kalma ta takardar a matsayin hukunci. Irin waɗannan takardu sukan zuzuta adadin diyya don a firgita ƙaramin ɗan kasuwa, kuma kana da damar neman shaidar cewa masu ita suna wakiltar mai haƙƙin da gaske. Dakatar da sayarwa da adana lissafin ciniki ba sai an faɗa ba, haka ma ƙin sa hannu a kan komai kafin lauyanka ya karanta.

Shawarata ita ce a nemi sulhu: alƙawarin dainawa a rubuce, miƙa ragowar kayan, da tattaunawa kan kuɗi gwargwadon ribar da ka ci. Sau da yawa abin da mai haƙƙi ya fi buƙata shi ne kayan su bar kasuwa, kuma kuɗin shari'a zai iya ninka abin da ake jayayya a kansa. Ka amsa kafin wa'adin da suka ba ka ya cika.