Sunan Haris da muke raɗa wa 'ya'yanmu a Atina

Kawu, barkanku da war haka. Kun tambaya me ya sa muka raɗa wa jaririyar Haris alhali ga sunayen gida, har Inna na cewa ai Harisu sunan maza ne. Ku kwantar mata da hankali: sunan yarinyar Alheri, da Girkanci ne kawai muka faɗe shi.

Mu 'yan tsirarun masu bin Almasihu da ke jin Hausa a nan Atina, babban birnin ƙasar Girka, suna biyu muke ba yaro: na gida, da wanda bakin malaman makaranta zai iya ɗauka. Haris kuwa ba a titi muka tsince ta ba. Ita ce kalmar Girkanci da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya juya zuwa "alheri". Ta fito fiye da sau 150 a Sabon Alkawari, akasari a wasiƙun Manzo Bulus.

Abin da ya sa muke ƙaunarta shi ne akwai kyau a cikinta. Tun kafin zamanin manzanni, Girkawa da ita suke kiran duk abin da ya yi kyau har ya ja zuciya, ko fara'a, ko farin jini, ko daɗin baki. Ita ce a Luka 4:22, inda mutanen Nazarat suka riƙe baki saboda kalaman da ke fitowa daga bakin Yesu. Ita ce kuma a Afisawa 2:8, kyautar ceto wadda ba guminmu ya saya ba. A ganina, Kawu, wa'azinmu na gida ya riƙe wannan ma'ana ta biyun gam, ya saki ta farkon. Shi ya sa za ku ga mutum ya haddace ayoyin alheri amma fuskarsa kullum a murtuke, harshensa kamar reza.

Gudummawar da Bulus ya tara wa matalautan Urushalima ma haris ya kira ta a 1 Korintiyawa 16:3, Korinti kuwa kilomita wajen 80 ce daga nan. Ɗan abin da muke haɗawa mu aiko gida, da wannan ido muke kallonsa. Hatta "na gode" ta mutanen nan, efharisto, daga tushen nan ta tsiro.

In za mu tashi daga sujada, sau biyu muke faɗin "Alherin Ubangiji Yesu Almasihu": da Hausa don manya, da Girkanci don yaran, gama bakinsu ya fi nuna a cikinsa.

A gaishe mana da Inna da dukan gida.