Kafin ka ɓalle mitar Honda 175 ɗin Baba

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fiye masa nan. Na karanta bayaninka: ya bar maka Honda CD175, injin ya tashi bayan shekaru a jingine a zaure, amma allurar mitar gudu ba ta motsi, gilashin ya yi hazo, fitilun ciki sun mutu, bakanike kuma ya ce a cire a sa sabuwa 'yar Chana. Kana tambaya ko tana gyaruwa.

Tana gyaruwa. Na yi wannan aikin a kan tawa 175 ɗin da kuma wata Vespa ta maƙwabcina, kuma na yi ɓarna a karon farko, shi ya sa zan ja zancen. Kada ka taɓa mitar kanta tukuna. Fara daga tayar gaba ka hauro sama. Mitoci da yawa da na ga an ɓalle lafiyarsu ƙalau, cutar tana ƙasa.

Wannan mita ba ruwanta da wuta wajen nuna gudu. A gindin tayar gaba akwai wata 'yar giya, ita take juya siririn kebur mai baki kusurwa huɗu da ke cikin doguwar rigar nan baƙa. Kebur ɗin yana juya maganaɗisu a cikin mita, maganaɗisun yana jan wani ɗan kwano na alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, kwanon kuma shi ke riƙe da allura. Wani sifirin mai kaurin gashi shi yake dawo da allurar sifili in ka tsaya. Fasahar tsohuwa ce, wani Bajamushe Otto Schulze ya yi mata rajista tun 1902, kuma kusan haka ta zauna har zuwan mitocin lantarki. Saboda haka wuri uku ne kawai abin zai tsaya: giyar ƙasa, kebur, ko kan mita.

Ɗora babur a kan jak ɗinsa na tsakiya, ka kwance kebur daga ƙarƙashin mita, ka sa yaro ya murza tayar gaba kana kallon bakin kebur. Idan bai juya ba, ko dai ya tsinke a ciki, ko giyar ƙasa ba ta kama ba. Giyar nan tana da 'yan kunnuwa da suke zama a gurbinsu a jikin taya, kuma sau tari wajen mai faci ake rasa su: a cire taya, a mayar da gaggawa, a ɗaure noti a kan kunnuwan su lanƙwashe. Tawa haka aka yi mata, na yi wata biyu ina zargin mita. Idan kuwa kebur yana juyawa, zare na cikin, ka tura bakinsa a gindin mita, ka murza shi da sauri tsakanin yatsu biyu. Allura ta yi tsalle ko da kaɗan ne, to da ranta. Gwada ta kowane hannu, don ta gefe ɗaya kawai take amsawa.

Kebur ɗin ka wanke shi da kananzir, ka riƙe bakin biyu ya yi lanƙwasa kamar baka, ka murza a hankali. Idan yana fizga maimakon ya juya sumul, ya karye a ciki, shi ne zai sa allura ta riƙa rawa tsakanin 30 da 60 kamar mai masassara. Canza shi. Ka tafi da tsohon a hannu, don tsayi da zaren noti sun sha bamban. Ka sa giris kaɗan, ka bar kamar taƙi ɗaya na sama babu komai. Kebur yana juyawa ne yana hauro da maiƙo, in ka cika shi zai shiga cikin mita ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama danƙo. Na taɓa ganin wadda aka ɗura wa baƙin mai da sirinji, allurarta sai ta yi minti guda kafin ta sauko.

Sai idan duk wannan bai yi ba za ka buɗe. Kuma shawarata, a nan ka yi sallama da bakanike, ba don raini ba. Hannun da ya saba da sifana 17 da guduma ba shi ne na sifirin mai kaurin gashi ba. Mai gyaran agogo za ka nema, irin dattawan nan masu ɗan akwatin gilashi da tabarau na ido ɗaya da ake samu a Sabon Gari da cikin gari. Ko da kai za ka yi da kanka, kada ka buɗe ta a gareji, balle kusa da masu walda. Maganaɗisun ciki yana tsinto garin ƙarfe daga iska, ƙwaya ɗaya ta shiga tsakaninsa da kwanon ta isa ta maƙale allura. Ɗaki, tabarma, farin ƙyalle, a kashe fanka.

Abin da ya fi cin rai shi ne zoben da ya riƙe gilashi. Ba noti ba ne, nannaɗe bakinsa aka yi daga baya a masana'anta. Kifa mitar a kan tsumma, ka ɗaura kilif irin na tiyo a kewayen zoben don kada ya buɗe ya fita daga siffarsa, sannan ka riƙa ɗaga bakin da ƙaramin sukudireba, kaɗan-kaɗan, ka zagaya sau uku ko huɗu. Kada ka nemi gamawa a zagaye ɗaya, zai tsage. Ni ya ci mini daga bayan La'asar har kiran Magariba. Wasu suna yanka zoben da zarto su liƙe da gam daga baya. Yana yi, amma duk sanda ka hau babur idonka a kan tabon zai fara sauka.

Yanzu ɓarnar da na yi. Da na buɗe na ga fuskar mita ta yi furu-furu, sai na dangwali fetur da auduga na shafa. Shafa ɗaya, lamba 40 da rabin 60 suka biyo audugar. Fentin ya sha ranar Kano shekara arba'in da wani abu, ya zama gari, jira kawai yake. Daga baya sai da na ɗauki hoton wata mitar, aka zana mini a kwamfuta, aka buga sitika na manna. Daga nesa ba ka ganewa, amma ni na sani, kuma duk wanda ya san babur ɗin yana leƙawa zai gane. Kai kada fetur, tina ko sabulu su kusanci fuskar nan. Busasshen buroshi mai laushi, irin na masu zane, ya isa. Dusashewar da ta yi ka bar mata abinta, ta fi sabuwar sitika kyau a kan babur ɗin da aka daina ƙerawa tun 1979.

Allurar ma in ba dole ba kada ka cire. In ya zama dole, ɗaga ta a hankali ka tsallakar da ita 'yar ƙusar da take kwanciya a kai, ka bar ta ta tsaya inda ta ga dama, ka yi alama da fensir a gefen fuska. Nan za ka mayar da ita, in ba haka ba mitar za ta riƙa yi maka ƙarya har abada. A cire ta da cokalin shayi biyu, ɗaya ta kowane gefe, da takarda a ƙarƙashinsu. Bakin allurar da ya koɗe, ɗigon jan farce ya wadatar, siriri, don nauyin fenti ma yana canza lissafi. Mai kuwa, na agogo ko na keken ɗinki, ɗigo ɗaya a bakin tsinke, a inda sandar maganaɗisu take juyawa da kan 'yan giyoyin da ke tura lambobin tafiya, masu ƙirga nisan da babur ya yi. Sifirin ɗin ko kallonsa ka yi daga nesa. Ka kula da sukudireba, maganaɗisu yana fizgarsa kai tsaye zuwa can.

Za a ce maka tunda an buɗe a mayar da lambobin tafiya sifili. Ni ban yi ba, kuma ba zan so ka yi ba. In za ka sayar, yaudara ce. In ba za ka sayar ba, lambobin nan su ne zuwa aikin Baba da dawowarsa, da zuwa ƙauye ranar Sallah. Ka ɗora naka a kai.

Gilashin, yawanci hazon daga ciki yake, ruwa da tsumma mai tsabta sun isa. In ya tsage, mai yankan gilashi zai fitar maka da irinsa, ka dai tabbatar kaurin ɗaya ne don zobe ya rufe. Robar da ke tsakani ta riga ta bushe, ta nan ruwan Agusta yake shiga, ka yanko wata daga tsohon tif. Cikin gwangwanin mitar kuma ka goge tsatsa ka fesa farin fenti, domin hasken dare daga bangon yake dawowa kan fuska. Wannan kaɗai ya sa tawa ta ninka haske ba tare da na canza ƙwai ba. Kuma kada ka rufe da safiyar damina, ka shanya komai a rana tukuna, in ba haka ba raɓar da ka kulle a ciki za ta fito maka a gilashi.

Fitilu ba su da wuya, amma akwai tarko ɗaya. Babur ɗinka bolt 6 ne, ƙwayayen da suka cika kasuwa yanzu bolt 12 ne na su Boxer da Jincheng. Ka sa na 12, zai kawo ja-ja kamar aci-bal-bal, mai wayarin ya ce maka ai batir ne. Karanta jikin ƙwan kafin ka biya. Na lura tun da aka hana acaɓa a 2013 shaguna da dama sun karkata ga kayan Adaidaita Sahu, sai ka yi yawo, amma wajen tsofaffin masu kayan Vespa da Honda ana dacewa. Launin wayoyin Honda bai cika canzawa ba: kore shi ne mai komawa jikin ƙarfe, baƙi wutar da ke zuwa in an kunna makulli, kore mai haske da layin ja na fitilar firi ne, ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske ta dama. Kafin ka zargi komai ka goge bakin koriyar wayar da cikin soket da sanfefa, tsatsa ce ta kashe rabinsu. Fitilar firi in ta ƙi, cire wayarta daga jikin inji ka taɓa ta da ƙarfe, makulli a kunne. Ta kawo, to makunnin da ke jikin inji ne ya mutu. Kada ka bari a yanke wayoyin asali a ɗaure da leda.

In har ta ƙi gyaruwa, tsohuwar irinta za ka nema wajen 'yan gwangwan ko Ƙofar Ruwa, ko da matacciya ce, a haɗa biyu a fitar da ɗaya. Yawancin mitocin Honda na lokacin kamfanin Nippon Seiki ne ya ƙera su, kuma lissafin da aka saba a baburan Japan shi ne juyi 1400 na kebur a minti ya ba da kilomita 60 a awa, ko 2240 ya ba da mil 60. Duba ko an rubuta a ƙasan fuska ko a bayan gwangwani. Ta Vespa ba za ta hau ba, tata Veglia ce ta Italiya, kebur ɗinsu ma daban.

Kafin ka danne zoben, haɗa kebur ka murza taya ka ga allura ta hau ta sauka sumul, don zoben nan ba ya jure buɗewa sau biyu. Danne shi da ɗan katako, ba filaya ba. Sannan ka ɗaure waya a kan babur da manhajar auna gudu, ka fita Titin Zariya da sassafen Lahadi kafin motoci su fito. Tawa in waya ta ce 55 ita 60 take nunawa, na bar ta haka.

Ka turo hoton bayan mitar da na gindin tayar gaba wajen da kebur ya shiga. Ina da tsohon kebur rataye a shago, in tsayin ya yi daidai sai ka aiko yaro ya karɓa.