Amsa ga mai sabon gida: fentin ciki da bangon da za a bambanta

Ɗan'uwanmu ya ce ya gama gini, ɗaki uku da falo, an yi filasta sati biyu da suka wuce, kuma iyali sun matsa a yi fenti a tare. Yana son sanin irin fentin da zai saya, bokiti nawa zai isa, da kuma bangon da ya dace a yi wa launi daban kamar yadda ake yayi yanzu.

Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa, ya sa a shiga a sa'a. Amma kafin mu je maganar launi, ka lallashi uwargida ta ƙara haƙuri, domin bangonka bai isa fenti ba tukuna. Filastar siminti tana buƙatar kwana 28 kafin ta yi ƙwari, ruwan da ke cikinta kuma yakan wuce haka bai gama fita ba. Idan rani ne ko hunturu, sati huɗu zuwa biyar ya wadatar. Idan ginin ya sha damina, musamman ruwan Agusta, ka ba shi sati shida zuwa takwas, tagogi a buɗe. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa. Ka rufe shi da fenti da wuri, ruwan zai nemi hanyar fita ta ƙarƙashin fentin, sai ka ga ya yi bororo, ya ɓare, ko wani farin gishiri ya dinga tsirowa a jikin bango. Idan kuwa fentin mai aka shafa, abin ya fi muni: kaifin simintin yana haɗuwa da man ya zama sabulu, kamar yadda toka da mai suke zama sabulun salo, sai bangon ya yi ta danƙo ya ƙi bushewa.

Kada ka yarda da ido, domin bango yakan yi fari a waje alhali cikinsa a jiƙe. Yanki leda mai kauri, kamar rabin mita kowane gefe, ka manna ta a bango da salatif, ka toshe gefunan huɗu ruf. Ka yi haka a kowane ɗaki, ɗaya a tsakiyar bango ɗaya kusa da ƙasa, ka bari ta kwana ta wuni. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a jikin ledar, ko wurin ya fi kewayensa duhu, da saura. In kuma sama ya bushe amma ƙasan bango, daga dandamali zuwa gwiwa, ya ƙi bushewa har bayan wata biyu, wannan ba ruwan filasta ba ne. Ko danshi ne ke hawowa daga tushen gini, ko bututun bayi ne ke zuba a cikin bango. Babu fentin da ke maganin wannan komai tsadarsa, sai an kira magini ko mai famfo an toshe tushen matsalar.

Wannan jiran ba asara ba ne. A cikinsa ne mai waya zai gama fasa bango ya dasa soket, a ɗora silin, a sa tayil, a kafa ƙofofi da tagogi. Duk wanda ya shigo da guduma bayan mai fenti, sai an sake sayen fenti.

Da bango ya bushe, a kankare dunƙulen siminti da ya maƙale, a share gishirin nan da busasshen burushi mai ƙarfi. Kada a wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki ya sake fitowa. Tsaga siririya kamar gashi, sikiridin, wato kwaɓin da ake shafawa a kan filasta kafin fenti, zai cinye ta. Wadda tsinken ashana zai shiga, a buɗe ta kaɗan a cika da siminti, inda aka binne bututun waya kuma a ɗora raga kafin a shafe, domin nan ne tsaga ta fi dawowa. Tsagar da ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa tana tafiya a karkace, tana kuma ƙara faɗi, wannan ta wuce aikin mai fenti.

Sikiridin shi ne ke ba bango santsin nan da kake gani a gidajen da suka burge ka. Shafi biyu ake yi sirara, kowanne bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, a bar na farko ya bushe kafin a ɗora na biyu. Wanda aka lafta da kauri a shafi ɗaya don a yi sauri, tsattsagewa yake yi. Wasu masu fenti suna haɗa nasu da garin POP (farin garin nan da ake yin silin da shi) da gam da ɗan fenti, akwai kuma haɗaɗɗe na buhu ko na bokiti. A ɗakin kwana da falo duka biyun suna yi. Amma garin POP ba ya shiri da danshi, saboda haka a bangon da ya yi baya da bayi, da kicin, da wurin alwala, a sa mai siminti a ciki. Bayan ya bushe a goge da samfefa lamba 120, a bi da 180 ko 220. Ga gwajin da ba ya ƙarya: da magariba ka kashe wuta, ka kwantar da tocila a jikin bango hasken ya bi shi a kwance. Duk wani tudu da rami da sawun cokalin magini zai fito da inuwarsa. Ka yi wa wuraren alama da fensir a gyara. Sannan a share ƙurar tas, domin fentin da ya hau kan ƙura a ƙura ya maƙale, ba a bango ba.

Sai firaima, wato fentin share fage da ake fara shafawa kafin ainihin fenti, shafi ɗaya, irin wadda aka rubuta a jikinta cewa tana jure kaifin siminti. Nan ne aka fi yin ha'inci, domin bayan an gama ba a ganinta. Sai a tsinka fenti mai arha da ruwa a shafa a ce an yi. Bangon da bai sha firaima ba yana zuƙe fenti ba daidai ba, wani wuri ya yi sheƙi wani ya yi dishi-dishi, ka ƙara shafi na uku da na huɗu da fenti mai tsada kana neman abin da firaima mai rahusa za ta ba ka.

Fentin ciki kuwa, na ruwa za ka saya, wanda ake ce wa emolshon. Akwai marar sheƙi, akwai mai ɗan sheƙi da ake kira satin ko silk. Marar sheƙi yana ɓoye aibin bango, ya dace da silin da ɗakin manya, amma ba ya son goga. Satin yana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, shi ya dace da falo, da lungun wucewa, da ɗakin yara, da duk inda ake jingina kai da baya, sai dai yana tona asirin sikiridin marar kyau. Gidan da ake turaren wuta kullum ma satin ya fi, domin hayaƙin yana dafa bango a hankali, kuma farin silin ne ke fara nunawa. Fentin mai a bar wa ƙarfe da katako: ƙofa, firam, burgila. A nan ma a sayi na kamfanin da aka sani, domin an sha samun gubar dalma a fentin mai marasa inganci, musamman ja da ruwan ɗorawa, ga shi yara na lasar duk abin da hannunsu ya kai.

Lissafin bokiti ba wuya. Ɗauki falo mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Kewayensa mita 18, sau 3 ya ba ka murabba'in mita 54. Cire ƙofa biyu da taga biyu, kamar 7, saura 47. Shafi biyu ya zama 94. Fenti mai kyau a kan bango mai santsi da ya sha firaima yana rufe kamar murabba'in mita 10 da lita ɗaya, wato lita 10 ke nan har da ɗan rara. Ɗakin kwana mai ƙafa 12 sau 12 zai ci wajen lita 8. Ka ga bokiti ɗaya mai lita 20 zai yi ɗaki biyu ya bar na gyara. Silin lissafinsa daban, tsawo sau faɗi. Idan ba a yi sikiridin ba, ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, domin kaushin filasta yana cin fenti. Mai arha kuma yakan buƙaci shafi uku inda mai kyau ya tsaya a biyu, sai arhar ta tashi a banza, ga kuɗin aiki ya ƙaru.

Shawarata, ka sayi fentin da kanka a wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, ka biya kuɗin aiki daban, a buɗe kowane bokiti a gabanka ko gaban wakilinka. Duba lambar haɗi a jikin bokitan ta zama ɗaya. In sun bambanta, a juye su a babban mazubi a gauraya kafin a fara, in ba haka ba za ka ga launi ya sauya a tsakiyar bango. Ruwan tsinkawa kada ya wuce abin da aka rubuta a jiki, galibi kashi ɗaya cikin goma, wato lita 2 a bokiti. Fentin da aka cika wa ruwa za ka gane shi: yana zuba daga rola kamar koko, bayan ya bushe kuma ka shafa tafin hannu ka ga gari.

Daga sama ake farawa, silin tukuna sannan bango. A zagaye gefuna da burushi mai inci biyu, a bi da rola tun gefen bai bushe ba, kuma in an kama bango a kai shi ƙarshe kafin a tafi sallah ko cin abinci, domin inda aka tsaya yana barin sawu. Tsakanin shafi da shafi a ba da awa 2 zuwa 4, fentin mai kuma sai ya kwana. A hunturu a rufe tagogin da iska ke bugowa, a ɗan yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. A zafin Afrilu a yi aikin da safe, fanka a kashe, domin fentin da ya bushe da gaggawa ba ya bajewa.

Yanzu bangon ado, wato wanda za a yi wa launi daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maginan gargajiya na Kano da Zariya sun daɗe suna zaɓar fuska ɗaya ta zaure ko soro su zuba mata zane, sauran su bar su haka. Bango ɗaya a ɗaki, ba biyu ba, kuma ba kowane ɗaki ke buƙata ba. A gida irin naka falo da babban ɗakin kwana sun isa.

Tsaya a bakin ƙofar falo kamar baƙo. Bangon da idonka ya fara sauka a kai, in cikakke ne babu ƙofa babu taga, shi ne. Yawanci shi ne na talabijin ko na bayan doguwar kujera. A ɗakin kwana, bangon kan gado. Ka guji bangon da ke da babbar taga: da rana hasken waje yana kashe launin, sai ya koma baƙi-baƙi, ga labule zai rufe rabinsa. Ka guji kuma wanda sif ko kabet zai tsaya a gabansa, wannan kuwa sai ka tambayi uwargida yadda za ta yi jere kafin ka yanke hukunci. Idan falon dogo ne siriri, launi mai duhu a guntun bangon can ƙarshe yana jawo shi kusa ɗakin ya daidaita. Ka sa shi a dogon bango kuma ka ƙara matse wurin.

Launin kada ka ɗauko shi daga hoton waya. Ka ɗauko shi daga abin da zai zauna a ɗakin, kafet ko labule ko kujeru, domin sauya fenti ya fi sauya kujeru sauƙi. Sauran bango uku su zama masu haske, ruwan madara ko ruwan toka mai haske, na adon kuma ya zama ɗan gidansu mai duhu ko wanda ya dace da su: ruwan ƙasa ko makuba a kan ruwan madara, shuɗi mai duhu ko kore mai duhu a kan ruwan toka. Fari tas a bangon falo ni ban cika so ba a ƙasar nan, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta mayar da shi abin tausayi. Ja da ruwan lemo masu kaifi kuma suna burgewa a satin farko, amma zama da su a ɗakin barci cikin zafin bazara wani abu ne daban. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa faɗin mita ɗaya a ainihin bangon, shafi biyu, ka duba da hantsi, da la'asar, da dare. Ƙwan lantarki fari mai lamba 6500K yana mayar da ruwan toka shuɗi-shuɗi, mai ɗumi na 3000K kuma yana ƙara wa ruwan madara rawaya. Ka gwada da irin ƙwan da za ka zauna da shi. Launi a faɗin bango kullum ya fi yadda yake a ɗan katin shago ƙarfi, don haka in kana shakka tsakanin biyu ɗauki mai sauƙin.

Bangon ado mai mita 4 sau 3 murabba'in mita 12 ne, galan ɗaya mai lita 4 zai ba shi shafi uku. Launi mai duhu yakan nemi ukun, sai dai in an sa firaima mai ruwan toka a ƙasa. Bayan talabijin a sa marar sheƙi, in ba haka ba hasken ƙwai zai dinga dawowa ido. A nan ne sikiridin ya kamata ya fi kyau a duk gidan, musamman in za a sa fitilun silin masu haska bango daga sama. Wanda ke son zane, dagi guda ɗaya a tsakiya ko siririn layi a gefe ya fi a cika bangon da tarkace.

Layin da launi biyu suka haɗu a kusurwa shi ke nuna gwanin mai fenti. A fara gama mai hasken, ya bushe kwana ɗaya ko biyu. A manna salatif ɗin takarda na masu fenti a kansa, a danne bakinsa da yatsa, sannan a shafa ɗan fentin mai hasken a bakin salatif ɗin ya toshe kafofin da ke ƙarƙashi. Bayan ya bushe a ɗora mai duhun. A cire salatif tun shafin ƙarshe bai gama bushewa ba, a hankali, a karkace. In aka bari ya kwana, da fentin zai taso.

Bayan an gama, a bar tagogi a buɗe kwana biyu ko uku kafin a kwana a ciki, ɗakin da aka yi aiki da fentin mai ya fi haka, musamman in akwai jariri ko mai asma. Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya, amma sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin ya yi ƙwarin da za a goge shi da ruwa, don haka ranar tarewa a ja kunnen masu ɗaukar kaya, kujeru kuma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Ragowar kowane launi a juye a ƙaramar roba mai murfi, a rubuta sunan ɗaki da lambar launin a jiki, a ajiye inda rana ba ta bugu.